Bindigar Toka A Hannun Sabon Shiga: Jan Kunne Ga Samarin Birnin Kudu Da Gwaram

Kowace shekara in kaka ta yi, aka gama kai dawa da gero rumbu, ciyawa ta bushe, sai a fara jin amon bindigar toka daga dazuzzukan kudancin Jihar Jigawa, tun daga Babaldu da Kantoga cikin ƙasar Birnin Kudu, har Sara da Basirka da Farin Dutse cikin ƙasar Gwaram. A da, masu wannan harbi sanannu ne. Maharbi ɗan maharbi ne, ya tashi yana ɗaukar wa ubansa burgami shekara da shekaru kafin a yarda ya ɗora yatsa bisa kunama. Ɗan bindigar sarki kuwa yana ƙarƙashin Sarkin Bindiga, ba ya ɗuri sai an ce ya yi.

Yau abin ya sake. Ɓarnar ɓarayin shanu da masu satar mutane ta sa garuruwa da yawa na Arewa sun kafa 'yan sintiri, samarin da ba su gaji harbi ba sun rataya bindiga. Waɗansu sun saye ta don korar birai da gyado daga gona. Waɗansu kuwa sha'awa ce kurum, sun ga Amurkawa cikin wayar hannu suna harba libarba irin ta kakanninsu, hayaƙi na tashi, abin ya ba su sha'awa. Malaman makaranta da malaman ofis su ne waɗanda irin waɗannan samari su kan zo wa da tambaya, su ne kuma ke rubuta musu takardar neman izini. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana abin da ya wajaba sabon shiga ya sani tun bai taɓa bindigar ba.

ASALINTA A ƘASAR HAUSA

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Imam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Aloma na Barno, cikin ƙarni na 16, yana da Turkawa masu harbi da bindiga cikin rundunarsa. Littafin Tarihin Kano ya ce zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi daga Nufe, aka kuma kawo bindigogi. Ya ce kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Daga nan al'adar ta zauna.

Amma fa ba ta da yawa, ba kuma ita ke cin yaƙi ba. Cikin 1826 Baturen nan mai yawon duniya, Kyaftin Clapperton, ya ga yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya. Ya ce rundunar ta kai mutum dubu hamsin, amma bindiga 42 kaɗai ya ƙirga. Ya ga kuma masu ita in sun harba sai su sheƙa baya, su fita daga inda kibiya ke kaiwa, sa'an nan su tsaya su sake ɗuri. Ka ji dalilin sunan nan da mu ke ce mata, harbi-ka-ruga. Turawa kuwa suna kiranta da sunan mutanen Denmak, don fataken ƙasar sun daɗe suna sayar da ita a gaɓar teku wajen Ankara ta ƙasar Gana, daga can ta riƙa hauhawa zuwa Arewa.

Birnin Kudu da Gwaram suna kan iyakar Kano ta kudu ne cikin ƙarni na 19, suna fuskantar duwatsun Ningi. Ningawa sun yi shekaru suna kawo hari wannan yanki, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado cikin 1855. Mutanen wannan ƙasa sun san ganuwa da tsaro tun kaka da kakanni. Cikin 1890 manyan ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal, suka ƙuntata sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Bayan Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu 1903, aikin bindigar toka ya koma farauta da tsaron gona da hawan Salla. Har yau in sarki ya hau, a Kano ko a Dutse, 'yan bindiga ke sanar da jama'a da amonta. Cikin 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Abin baƙin ciki, sunan nan na 'yan bindiga, wanda a da na bayin sarki ne masu kwarjini, yau in an ambace shi sai hankalin mutane ya tafi ga ɓarayin daji.

YADDA TA KE AIKI

Wanda bai san yadda abu ke aiki ba, ba zai san inda haɗarinsa ya ke ba. Bindigar toka bututu ce mai buɗaɗɗen baki da toshasshen gindi. Ta baki a ke zuba albarushi, a bi shi da tsumma, a sa dalma, a danna da sandar ɗuri. A can gindi akwai 'yar kafa wadda wuta ke bi ta shiga. Tsohuwar irin tana da ƙanƙara, wadda ke bugun ƙarfe ta fid da tartsatsi kamar ƙyastu. Cikin 1807 wani limamin coci na ƙasar Sikotlan, Alexander Forsyth, ya gano hanyar tayar da wuta da bugu kurum, daga nan aka samo 'yar hular tagulla da a ke kifawa bisa kafar, kunama ta buge ta. Yawancin waɗanda maƙeranmu ke yi yanzu masu hula ne.

Albarushi haɗin abu uku ne, gawayi da farar wuta da wani irin gishiri mai ciyar da wuta. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi kamawa. In ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, sai ya fita hayaƙi ko ya maƙale cikin bututu ya zama toka. Wannan toka tana jan danshi, tana cin ƙarfe, tana kuma iya ɓoye garwashi. Mu riƙe wannan, gama yawancin ƙa'idodin da za mu ambata daga nan suka fito.

Cikin 1884 wani Bafaranse, Paul Vieille, ya ƙago albarushi maras hayaƙi, shi ne ke cikin harsashin bindigogin zamani. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Wanda ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa cikin bindigar toka, ya haɗa wa kansa bam ne a gefen kunci. Haka wanda ya cusa mata kan ashana don albarushi ya yi tsada. A Ingila tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a birnin Bamingam, inda a ke ɗura wa kowane bututu fiye da kima a harba shi cikin ɗaki mai kauri, in ya jure a buga masa hatimi. Bindigar maƙeranmu, wadda sau da yawa da bututun famfo ko ƙarfen tsohuwar mota a ke yinta, ba ta ga irin wannan gwaji ba. In mai ita ya yi ganganci, fuskarsa ce gidan gwajin.

LIBARBAR DA A KE GANI A WAYA

Libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu ɗaya, mai tulu da ke juyawa, da ramuka shida cikinsa. Ba'amurke Samuel Colt ya sami takardar mallakar ƙirarta cikin 1836. Irin wadda ya fitar cikin 1851, da ta kamfanin Remington, su aka yi yaƙin basasar Amurka da su daga 1861 zuwa 1865. Kowane rami da albarushinsa da dalmarsa da hularsa, watau harbi-ka-ruga shida ne cikin ƙota ɗaya. Tun 1959 kamfanin Uberti na ƙasar Italiya ke ƙera sababbi bisa tsohon fasali, daga baya kamfanin Pietta ya bi sahu, Amurkawa masu sha'awar tarihi suna saye don harbin gwani.

Tana da nata haɗari. In hula ta yi sako-sako, ko dalma ba ta toshe bakin rami sosai ba, wutar rami ɗaya ta kan tsallaka ta kunna na kusa, biyu ko uku su tashi gaba ɗaya. Wanda ya tallafi tulun da hannun hagu, yatsunsa ke nan. Don haka masu ita ba su sa hannu gaba da tulu, da yawansu kuma rami biyar su ke ɗurawa, su kwantar da kunama bisa na shida wanda ba kome, don kada ta tashi in ta faɗi.

To, a nan ne saurayi zai iya ruɗuwa. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ba ta lissafa irin wannan libarba cikin bindigogin zamani ba, shi ya sa za ka ga mutum ya saye ta kamar fartanya. A Nijeriya ba haka ba ne ko kaɗan.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki cikin 1959, ta kasa bindiga kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasin Shugaban Ƙasa. Cikinsu akwai igwa da bindigar soja, akwai kuma libarba da kowace irin bindigar hannu, har dokar ta ambaci mai ƙanƙara da mai hula da sunansu. Wanda aka kama da ɗaya ba lasin, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Tsufan fasalinta ba zai cece shi ba, cewa maƙerin ƙauye ya yi ta ba zai cece shi ba. Kashi na biyu su ne kamar bindigar harbin tsuntsu, lasinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda ya ke. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, watau bindigar toka doguwa. Kwamishinan 'yan sandan jiha, da yardar Gwamna, yana da ikon hana riƙe su sai da lasin.

Dokar ta ce ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda ganinsa ya raunana, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙira da gyara su ma sai da izinin hukuma a rubuce. Umurnin 'yan sanda game da ba da sabon lasin ya kan sake lokaci lokaci, saboda haka ofishin 'yan sanda na Birnin Kudu ko na Gwaram shi ne wurin tambaya kafin a ba maƙeri ko kwabo. Matambayi ba ya ɓata. Farauta ma da dokarta tun zamanin Jihar Arewa, Dokar Namun Daji ta 1963, kuma gandun daji irin na Yankari da Lame-Burra a Jihar Bauci, da Falgore a Jihar Kano, ba wurin harbi ba ne.

ƊURI DA HARBI

Wanda ya sami izini, abu na farko ya nemi malami. Sarkin Baka da tsofaffin maharba da Sarkin Bindiga suna nan, sun ga abin da ba a rubuta cikin littafi ba. Ga abin da su da masanan Turai suka haɗu a kai.

Kowace bindiga a ɗauke ta cike ta ke. Bindigar toka ba ta da wurin buɗewa a leƙa, wata ta kan shekara jingine a ɗaki da ɗurinta. Hanyar sani ita ce a zura sandar ɗuri sa'ad da ba kome ciki, a yi mata shaida daidai bakin bututu. Duk ran da aka zura shaidar ta tsaya sama, to, da wani abu a ciki. Wannan shaida ita ke hana ɗuri bisa ɗuri, wanda ya kan faru cikin ruɗanin farauta ko hawan Salla, mutum ya ja kunama tare da 'yan'uwansa, ya zaci tasa ta tashi, ya ƙara wani a kai.

A auna albarushi da ma'auni ɗaya da malami ya yanka maka. Ƙari ba ya ƙara kisa, bututu ya ke fasawa. Kada a zuba kai tsaye daga gora ko ƙaho, domin in da garwashi cikin tokar harbin baya, wutar za ta hau ta kama gorar duka a hannu. A zuba cikin ma'auni, a toshe gora, sa'an nan a juye. Lokacin ɗuri kada fuska ko tafin hannu su rufe bakin bindiga. A danna dalma har ta zauna bisa albarushi, gama in aka bar fili tsakaninsu bututu ya kan kumbura ko ya tsage. Haka in bakin ya toshe da laka don an dogara bindiga kamar sanda. Hula ita ce ta ƙarshe, ba a kifa ta sai an tashi harbi. Taba sigari da albarushi kuwa ba su zama inuwa ɗaya.

Akwai wani hali na bindigar toka wanda ya fi cutar sabon shiga. In albarushi ya sha danshi, kamar da damina ko da raɓar asuba, a kan ja kunama hula ta fashe, bindiga ta yi shiru, wutar na ci a hankali a ciki. Mai gaggawa sai ya sauke ta ya leƙa baki, ko ya juya ya tambayi abokinsa, a sa'an nan ta tashi. In haka ta faru, a bar bakin yana duban inda aka nufa, a jira minti guda cur kafin a taɓa kome. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu harbin Salla su kan ce ai ba dalma a ciki. Gaskiya ne, amma tsumma da wutar da ke fita sun isa su tsiyaye ido ko su ƙone fuskar wanda ke kusa, ƙarar kuma tana kashe ji a hankali. A ɗaga baki sama, nesa da kunnen jama'a da na dawaki. Da rani kuma tsumman da ya fita da wuta ya isa ya kama busasshiyar ciyawa, ya cinye kiwon makiyayi da karan manomi.

ƊAUKA DA TAFIYA

Sau da yawa ba wurin harbi bindiga ke cin mutum ba, a kan hanya ne. Reshe ya ja kunama, ko mutum ya yi tuntuɓe bisa dutse, ko ya miƙa wa abokinsa ita ta baki sa'ad da za su ƙetare rafi. Ƙasar Birnin Kudu kuwa ƙasar duwatsu ce, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen mutanen da, dalma in ta bugi dutse ta kan karkata ta nufi inda ba a aike ta ba. A cire hula kafin a hau babur ko mota, kafin a tsallake shinge, kafin a shiga gari. A farautar gayya kada a harbi motsin ciyawa, sai an ga naman da ido, an kuma san abin da ke bayansa.

Tafiya da ita nesa wani haɗari ne dabam. Cikin Maris 2025 waɗansu mafarauta 'yan Jihar Kano suna komowa gida Salla daga Kudu, aka tsare motarsu a garin Uromi na Jihar Edo, aka ga bindigogin toka, taron jama'a suka far musu, aka kashe mutum 16. Wannan zalunci ne wanda ba shi da hujja, Allah ya ji ƙansu. Amma ya nuna mana cewa bindigar da kowa ya san ta a kasuwar Sara, a wata ƙasa tsoro ta ke jawowa. Wanda tafiya ta kama shi, ya tafi da lasinsa da takardar ƙungiyarsa, ya sanar da 'yan sanda tun daga gida. In ba dole, ya bar ta a gida.

WANKI DA AJIYA

Ran da aka harba, ran nan a ke wankewa. Ruwan zafi da sabulu ke narkar da toka, mai kaɗai ba ya yi. A wanke har ruwa ya fito fari, a bushe sarai, sa'an nan a shafa mai kaɗan ciki da waje. Bututun da aka bari da toka tsatsa na cinsa daga ciki inda ido ba ya gani, har ran da zai fashe. A ajiye ta ba ɗuri, a ɗakin da ke da kuba. Albarushi da huluna a raba musu wuri, nesa da murhu da fitila da hannun yara.

In ƙaddara ta auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta don tsai da jini, a garzaya asibiti, kada a tsaya zuba toka ko ƙasa. Akwai Asibitin Tarayya a Birnin Kudu. Mutane da yawa su kan ɓoye mai rauni don tsoron tambaya, har jini ya ƙare. To, a sani tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda aka harba nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A roƙi likita kuma allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, don raunin da tsumma da tsatsa suka shiga shi ne gidan wannan ciwo.

ROƘONMU

Zamanin En'e, dagaci ya san kowane mai bindiga a ƙasarsa, hakimi kuma ya sani ta bakinsa. Wannan tsari bai fi ƙarfinmu ba yau. Muna roƙon hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su sa a rubuta sunan kowane ɗan sintiri mai bindiga, kada kuma a ba sabon shiga ita sai Sarkin Baka ya shaida ya koya. Malaman makaranta su karanta wa manyan yara waɗannan ƙa'idodi kafin hutun rani, gama cikinsu akwai masu bin iyayensu daji. Malaman ofis kuwa, in saurayi ya zo a rubuta masa takarda, su tambaye shi wa ya koya masa, su gaya masa abin da doka ta ce game da libarba tun bai kashe kuɗinsa ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu da 'ya'yanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.